Hannu Ɗaya a Aljihu

Ni dai ban nemi aikin lantarki ba, shi ya zo har gona ya same ni. Ina da shekara ashirin da ɗaya a lokacin, na gama lakol, wato makarantar boko, a Maraɗi na dawo ƙauyenmu kusa da Birnin Lalle, takardar gamawa tana kwance cikin akwati, ni kuma ina noman hatsi da gujiya tare da babana kamar ban taɓa riƙe alƙalami ba. Zamanin Nasara ne, Faransawa ba su daɗe da kafa bariki a Dakoro ba. Aka kawo musu injin wuta da wata rediyo mai aika magana har Yamai, aka ce ana neman 'yan ƙasa mutum biyu da za su koyi kula da su. Masu karatun Faransanci a yankinmu ba su da yawa, shi ya sa gardi, wato ɗan sandan bariki, ya zo ya ce kumandan, Baturen da ke mulkin yankin, na kirana.

Babana bai so ba, amma bai hana ba. Ya ce tunda wata biyu ne koyon, kuma rani ne, gona ba ta rasa komai. In je in gani. In abin na kirki ne, to. In ba haka ba, in dawo kafin sharar gona. A gidanmu kuwa in ya ce a dawo, an dawo ke nan, ko kumandan ba ya da ta cewa.

Ɗakin da aka ba mu na ƙasa ne, a bayan ofishin waya, taga ɗaya, dogon tebur ɗaya. Injin yana cikin wata rumfa a waje, wayoyinsa sun shigo ta ramin bango. Abokin koyona wani Buzu ne tsohon soja, ya kai shekara arba'in, ya yi gyaran kamiyo, wato manyan motoci, a soja. Karatunsa bai wuce lambobi ba, amma hannunsa ya san ƙarfe, bakinsa kuma ba ya hutawa. Soja nake ce masa, shi kuma ɗan lakol yake ce mini, musamman in yana so ya ba ni haushi.

Malaminmu, wanda muke kira Metur, mutumin bakin teku ne, gajere, mai tabarau, ya yi babbar makaranta can ƙasarsu inda ake koyon wannan aiki da hannu. Hausarsa a Damagaram ya tsince ta, kuma bai tsince ta duka ba. Ranar farko muka yi sammako ni da Soja, muka share ɗakin tas, muka yayyafa ruwa a daɓe don ya yi sanyi, kamar yadda ake yi wa babban baƙo. Muka tuɓe takalma a bakin ƙofa, muka durƙusa muna jiransa, muna jin mun gama burge shi.

Da ya leƙo ya ga jiƙaƙƙiyar ƙasa da ƙafafunmu huɗu tsirara, sai da tabaransa ya kusa faɗuwa.

"Wa ya zuba ruwa? Wa ya cire takalmi? Kuna so mutuwa? Fita! Fita duka!"

Muka fito muna kallon juna. Soja ya ce mini a hankali, "Ɗan lakol, ko dai a ƙasarsu zagi ne a share wa mutum ɗaki?"

Sai da daɓen ya bushe sarai Metur ya bari muka koma. Ya sa aka kawo katakai aka shimfiɗa a gaban tebur, aka saya mana takalman taya masu kauri. Sa'an nan ya zaunar da mu ya yi bayani. Kuran, wato wutar lantarki kamar yadda muke kiran ta, kullum hanyar shiga ƙasa take nema, kuma ƙafa tsirara a kan danshi ita ce hanyar da ta fi so. In kuma ta shiga ta hannu ɗaya ta sami ɗayan a kan ƙarfe, ta ƙirji za ta bi, ta gaisa da zuciya a hanya. Saboda haka a ɗakin nan ba a tuɓe takalmi, ba a durƙuso, ba a karɓar komai da hannu biyu. Hannun dama na aiki, na hagu na cikin aljihu.

Soja ya jinjina kai ya ce, "Wato dai, Metur, a ɗakin nan mai ladabi shi ke fara mutuwa."

Metur ya ce, "Yawwa! Kai ka gane."

Matsalar ita ce wandunanmu na zariya ne, ba aljihu. Kwana uku muna cusa hannun hagu a zariya ta baya kamar masu ciwon ƙugu, har Metur ya gaji da kallonmu ya kai mu wurin tela aka ɗinka mana kaki mai aljihu biyu. Ni fa abin ya yi mini wuya ƙwarai. Tun ina rarrafe aka koya mini cewa in babba ya miƙo abu, hannu biyu ake sa wa, a rusuna. Sai ga shi Metur ya miƙo mini waya, jikina ya rusuna da kansa, hannun hagu ya fito ba da izinina ba. Nan take zai daka tsawa: "Aljihu!" A satin farko na ji kalmar nan fiye da yadda na ji sallama.

Da hannuwa suka fara jin magana, sai Metur ya fito da agogon awo. Akwati ne na katako mai fuskar gilashi da allura siririya, da maɓalli da ake murɗawa. Muka fara da batir. In ka haɗa wayoyi biyu, allura ta tashi ta tsaya cak a kan lamba, ka karanta ka rubuta a kaye, wato littafin rubutu. Wannan ai ba wuya. Kwana biyu muka yi muna auna duk batir da ke barikin, har Soja ya fara cewa in aikin ke nan a ba shi takardarsa ya tafi.

Rana ta uku Metur ya sa aka tada inji, ya ce mu auna wutar da ke fitowa daga bango, ya koma gefe ya harɗe hannuwa. Muka haɗa kamar yadda muka saba. Allura ba ta tashi ba. Tana nan a kan sifili, sai ɗan karkarwa take yi kamar mai zazzaɓi. Muka sake haɗawa, muka juya wayoyin, muka ƙwanƙwasa gilashi. Shiru. Soja ya gyara tsayuwa irin ta soja ya ce, "Metur, ba wuta. Injin nan ƙara kawai yake yi."

Metur ya matso. Ya ɗauko ƙwan fitila ya haɗa a daidai wurin, ɗaki ya haske fau. Aradu saura kaɗan in sa yatsa in gyara wayar. Ya bar mu muka gama zare ido, sa'an nan ya ce wutar batir hanya ɗaya take bi, ta inji kuwa zuwa take yi ta dawo, ta je ta dawo, sau hamsin kafin agogo ya buga daƙiƙa ɗaya. Allura ana jan ta dama ana jan ta hagu, ta rasa wa za ta bi, sai ta tsaya a tsakiya. Ya murɗa maɓallin zuwa wurin da aka zana wani ɗan lanƙwasasshen layi, allura ta miƙe ta nuna lambarta.

Soja ya ce, "Af! Ashe akuya ce mutum biyu ke ja a kasuwa." Daga ranar nan duk sanda allura ta nuna sifili sai ya harare ta ya ce, "Ƙarya kike yi, na san ki."

Ni ma na yi tawa. Awon ƙarfin wuta daban, awon yawan wadda ke gudu cikin waya daban. Na farko a gefe ake jingina agogo, na biyu sai an yanke hanya an sa shi a tsakiya wutar ta bi ta cikinsa. Na sani sarai, na rubuta a kaye har da jan layi. Amma ranar da Metur ya ce in nuna wa Soja yadda ake yi, girman kai ya hau ni, na jingina na biyun a gefe. Fat! Fis, 'yar wayar da ke kare agogon, ya ƙone, ɗaki ya cika da ƙauri. Ni kuwa ina da saurin fushi, sai na juya na ce Soja ne ya cika ni da surutu. Metur ya ce, "Surutu bai ƙone fis. Hannu ya ƙone fis." Soja ya yi sati yana kirana sarkin hayaƙi, har gardawan bariki suka ɗauka.

Abin da ya kama zuciyata kuwa gwangwanin nan ne. Metur yana kiran shi da wani dogon suna na Faransanci, mu dai gwangwani muke cewa, don kamarsa ke nan: farin ƙarfe mai sheƙi, tsawon kamu ɗaya, da ƙusoshi biyu a ka. Irinsa ne ke cikin rediyon kumandan. Aikinsa ajiyar wuta. Akwai wani akwati da ke karɓar wutar inji mai kai da komowa ya mai da ita mai hanya ɗaya, mai ƙarfin gaske, daga nan ta bi ta wata 'yar matsattsiyar hanya ta shiga gwangwani a hankali. Aikinmu shi ne mu ga yadda yake cika.

Soja ke riƙe agogon hannun Metur, duk daƙiƙa biyar ya ce, "Yanzu!" Ni kuma in karanta allura in rubuta. Da farko allura gudu take yi, ban gama rubuta lamba ba ta wuce. Can sai ta rage, ta rage, har ta koma rarrafe, kana kallo kamar ta tsaya amma ba ta tsaya ba. Muka zuba lambobin a takarda mai gida-gida, muka haɗa ɗigo da ɗigo, sai ga layi ya tashi tsaye ya lanƙwasa ya kwanta. Soja ya ce shan ruwan raƙumi ne, da fari zuƙa ba numfashi, daga baya sai kurɓi yana kallon gari.

Wata rana Metur ya ba ni lambobi biyu, ta gwangwani da ta matsattsiyar hanyar, ya ce in ninka su. Na ninka, ya ba ni ashirin. Ya ce, "Daƙiƙa ashirin, allura zai kai kusan kashi biyu cikin uku. Rubuta inda zai kai, rufe kaye." Na rubuta na rufe. Aka buɗe wuta, Soja na ƙirga. Yana cewa ashirin, allura na kan lambar da na rubuta, ba gaba ba baya. Na yi ihu har mai gadin ofishin waya ya leƙo. Abu bai faru ba tukuna, ni ɗan manomi na san inda zai kai, da alƙalami kawai! Muka canza hanya, na sake lissafi, ta sake zuwa inda na ce. Daga ranar nan na san ba na son komawa gona. Ina son gona, amma wannan abin na fi so, kuma ban ɓoye wa kaina ba.

A ranar ce kuma Metur ya nuna mana mugun halin gwangwani. Ya sa aka kashe inji, ɗaki ya yi tsit, ya ce, "Wuta akwai?" Muka ce babu. Ya ɗauki turnabis, ƙarfen kwance ƙusa mai mariƙin katako, ya gitta a kan ƙusoshin biyu. Tas! Shuɗin tartsatsi ya tashi, ƙarar kamar bindigar mafarauci. Ya ce, "Inji ya mutu, gwangwani bai mutu ba. Kafin ka taɓa, ka zubar da abin da ya ci." Ya nuna mana wani tabo a tafin hannunsa, bai ƙara bayani ba.

Ana cikin sati na biyar aka yi haihuwa gidan kawuna, na nemi izini na je suna. Don in nuna na zama ma'aikaci, na je da kakina da takalman taya. Zaure cike da dattawa, babana na cikinsu. Kawu ya miƙo mini ƙwaryar fura da hannunsa. Wallahi ban san lokacin da abin ya faru ba. Ina tsaye ƙiƙam, takalmi a ƙafa a bakin tabarma, hannun hagu can cikin aljihu, na miƙa na dama na karɓa kamar mai karɓar waya. Sai da na ji zauren ya yi shiru na dubi kaina.

Kawu ya ce, "Sannu, kumandan. Ko a kawo kujera?"

Aka fashe da dariya. Na zube ƙasa ina ba da haƙuri, fura na zuba a kakina, ina ƙoƙarin bayanin zuciya da hannu biyu da hanyar da wuta ke bi. Wani tsoho ya ce, "Yo furar ma wuta gare ta?" Aka sake kwashewa. Kowa ya yi dariya ban da babana. Ƙasa kawai yake kallo, kuma na fi son ya zage ni da wannan kallon.

Bai ce mini komai ba har na koma Dakoro. Bayan kwana uku saƙo ya iso ta bakin wani mai jakai: ranar kasuwa zai zo ya ga abin da ake koya mini da idonsa. In rashin kunya ce ake koyarwa, in haɗa kayana mu koma tare.

Na rasa inda zan sa kaina. Na sami Metur na ce, don Allah ranar nan kaɗai ya bari in tuɓe takalmi in fid da hannu daga aljihu, tsoho ya ga ban lalace ba. Ya cire tabarau ya goge, ya ce, "Ni na san babanka babba ne. Kuran bai san babanka ba." Na ji haushinsa ƙwarai, na fita ina gunaguni cewa mutanen bakin teku ba su san girman iyaye ba. Soja ya biyo ni ya ce, "Kwantar da hankalinka, ɗan lakol, ni zan yi wa tsoho bayani." Na ce ai wannan shi ne babban abin da nake tsoro.

Ranar kasuwa da hantsi babana ya iso, da farar rigarsa da rawani. Na tarye shi a waje, na durƙusa har ƙasa na gaishe shi, na daɗe a durƙushe don in biya na cikin ɗaki tun da wuri. Da muka zo ƙofa ya tuɓe takalmansa ya jera su a gefe. Na buɗe baki in ce, Baba, a nan ba a tuɓewa. Sai na fasa. Ta yaya zan fara da ba shi umarni, a ranar da ya zo duba ladabina? Metur ma ya dubi ƙafafun, ya dubi rawanin. Ya dai ja kujera can nesa da tebur, kusa da bango, ya ce, "Baba, zauna nan. Nan kawai."

Aka tada inji. Na hau katako, na cusa hannun hagu a aljihu, ina jin idon babana a kan aljihun nan kamar garwashi. Na auna wutar inji, na faɗi lamba. Na nuna yadda allura ke yin ƙarya a kan sifili, ƙwai kuma ya kama. Hannuna bai yi kuskure ba. Soja na gefe yana zuba: "Ka gani, Baba, wannan akuya ce ake ja, wancan kuma raƙumi ne, yanzu za mu ba shi ruwa." Tsoho bai yi ko murmushi ba, sai dai na ga ya ɗan matso bakin kujera.

Muka zo kan gwangwani. Na yi lissafi, na ɗiga alli a gilashi na ce in Soja ya kai ashirin allura za ta zo nan. Soja ya ƙirga da Hausa don tsoho ya bi. A kan ashirin allura ta hau ɗigon alli. Babana ya dubi Soja ya ce, "A sake." Muka zubar da wutar, na canza hanya, na sa sabon ɗigo, ta sake zuwa. Ya ce, "Ikon Allah." Raina ya ɗan yi sanyi, na bar gwangwani ya ci gaba da cika.

Metur ya ji daɗi, ya ce Soja ya je ya kashe inji don a ji magana, shi kuma ya juya wurin kabad yana neman takardar da na zana layi ya nuna wa baƙo. Ni na sunkuya ina naɗe wayoyin agogo, da niyyar in ɗauko turnabis daga nan. Inji ya yi tari ya mutu, ɗaki ya yi tsit.

Babana mutum ne da bai yarda da abin da bai taɓa ba. Rago sai ya matsa ƙugunsa, damin hatsi sai ya ɗaga ya ji nauyi. Sai na ji muryarsa dab da kafaɗata yana cewa, "To, yanzu ta mutu ke nan." Na ɗago. Yana tsaye a kan daɓe ƙafa tsirara, ya miƙa hannu biyu, kamar yadda mai mutunci ke ɗaukar kayan wani, yatsunsa saura ƙiris su sauka a kan ƙusoshin nan.

Ban yi tunani ba. Na ce, "Kai! Bari!" da wata irin murya da ko jaki ban taɓa yi wa ba, na kai wa hannunsa duka da iyakar ƙarfina. Ƙarar ta cika ɗakin. Ya yi baya har rawaninsa ya goce.

Metur ya juyo da takarda a hannu ya sandare. Soja ya shigo yana murmushi, murmushin ya bushe a fuskarsa. Babana ya riƙe hannun da na buga da ɗayan, yana kallona kamar bai taɓa ganina ba. Ni kuwa tafina na zafi, na san na gama wa kaina aiki. Na bugi mahaifina a gaban baƙi, har da ce masa kai.

Sai na ɗauki turnabis na gitta a kan ƙusoshin. Tas! Tartsatsi ya tashi, tsoho ya ƙifta ido. Na miƙa masa turnabis ɗin, ya juya shi ya ga inda wuta ta ci bakin ƙarfen ta bar baƙin gurbi. Ya shafa gurbin da babban yatsa, ya daɗe yana shafawa. Sa'an nan ya dubi Metur ya ce, "Malam, da na taɓa fa?"

Metur ya ce, "Baba, hannu biyu, ƙafa babu takalmi. Da yau kuka a gidanka."

Babana ya jinjina kai, ya ajiye turnabis a tebur, ya gyara rawani. Ya yi wa Metur godiya, ya yi wa Soja sallama, ya sa takalmansa ya tafi. Ni ko kallona bai yi ba.

Na zauna a kan katako na dafe kai. Metur ya ce na yi daidai, shi ma da laifinsa da bai hana tsoho tun daga ƙofa ba. Na ce daidai a nan ɗakin, amma ni a wancan gidan aka haife ni. Soja, wanda bai taɓa rasa abin faɗa ba, ya ce, "Gaskiya dai hannunka da nauyi, ɗan lakol." Na tashi na je masaukina na ƙulle kayana, don na ga gara in kai kaina da a aiko a kira ni. Na ɗora ƙunshin a ka na nufi kasuwa.

Na san inda zan sami babana, rumfar wani abokinsa mai sayar da kanwa, can kusa da turken raƙuma. Yana zaune ya ba hanya baya. Na tsaya bayan buhuna, na kasa ƙarasawa. Mai kanwa na auna wa wata mata, da ya gama ya juyo ya ce, "Af, mi ya sami hannunka? Ya kumbura fa."

Babana ya ce, "Wani mai aikin wutar Nasara ne ya make ni."

Mai kanwa ya zabura. "Ya make ka? Da furfurarka? Wane marar kunya ne? Tashi mu je wurin sarki yanzu!"

"Zauna. A kan aikinsa yake. Ni na kai hannu inda ba a kaiwa. Da ya tsaya neman izini, da yanzu kana rufe rumfa ka je jana'iza. Kuma ka ga wani abu, sai ya sa alli ya ce allura za ta zo nan, ta kuwa zo. Sau biyu ina kallo."

Mai kanwa ya koma ya zauna, bai gama hucewa ba. Ya ce, "Duk da haka. Ɗan gidan wa ne?"

Babana ya juya kumburarren hannun. Ya ce, "Ɗana ne."

Ni ne ɗan farinsa. Tun da na yi wayo ban taɓa jin ya kama sunana ba, balle ya ce ɗana. Yaron nan ne, ko wancan, ko a gaya masa. Ban san akwai wannan kalmar a bakinsa ba sai ranar, a tsakanin buhunan kanwa.

Bai waiwayo ba, amma ashe ya san ina nan. Ya ce wa mai kanwa, "Ka gaya wa mai ƙunshin can ya koma, ya bar mutane da aiki. Kuma in baƙo ya zo, ya tare shi tun daga ƙofa ya faɗa masa gaskiya, kowane ne, ba sai ya karya masa hannu ba."

Mai kanwa ya leƙo ya gan ni, ya buɗe baki zai isar da saƙon. Na juya da sauri kafin ya fara, don ban so ya ga ƙato na kuka a tsakiyar kasuwa da ƙunshi a ka.